Shekarar da Na Dasa Kirikiri

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna gaya wa abokanku wai kakanku ne ya kore ni daga gida. Wani lokaci kuma ku ce son ƙwallo ne ya riƙe ni a Yamai. Duka biyun ba haka ba ne. Ba wanda ya kore ni, kuma har na bar aiki a babban filin nan ban taɓa zama na kalli wasa daga fari har ƙarshe ba. In ana bugawa, ƙafafun 'yan wasa nake bi da ido, ina jin haushin ciyawar da suke tumɓuke mini da takalma masu haƙora. Ku kuna ihu an ci, ni ina tunanin ramin da mai tsaron gida ya haƙa mini a bakin raga. To ku zauna ku ji yadda abin ya faru, tun ina da sauran numfashin faɗa.

Garinmu yana Adar, gabas da Tawa, a bakin wata fadama. Mahaifina, wanda kowa ke kira Ɗan Jimma, manomi ne na gidi, hatsi da damina, albasa da rani. Ni kaɗai ne ɗansa namiji da ya rayu, don haka gandu a kaina yake. Gandu shi ne babbar gonar gida, wadda uba da 'ya'yansa ke nomawa tare, a zuba a rumbu ɗaya, a ci a tukunya ɗaya. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ɗa ne ke wucewa gaba da sungumi yana sara, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Wanda ya riƙe sungumi a ranar nan, shi ne magajin gida, ko ba a faɗa da baki ba. Tun ina ɗan saurayi nake riƙe da shi.

Sai fari ya zo. Ba zan tsaya ba ku labarinsa ba, don kun ji a bakin uwarku har kun gaji. Hatsi ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Rijiyoyin fadama suka koma laka, lakar ta koma dutse. Muka sayar da awaki, muka ci ganyen da a da jaki ma sai ya yi shawara kafin ya ci. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Na bar uwarku Rabi da yayarku Salamu a goye, na hau motar albasar Mamman direba, wadda a shekarar nan ba ta ɗauke da albasa ko ɗaya, sai mutane. Da na iso Yamai na tarar kogin Isa da ake ba mu labari ya janye har mutane na tsallaka shi da ƙafa. Na ce a raina, ashe gudun banza na yi.

Na samu ɗaki a unguwar Taladje, a gidan wata tsohuwa Bazabarma. Ba ta jin Hausa sosai, ni kuma Zabarmancina bai wuce gaisuwar “fofo” ba. Da safe in ce fofo, ta ce fofo, da yamma haka. Akwai ranakun da wannan kalma ita ce duk hirar da na yi da ɗan Adam. Na yi dako a kasuwar Piti Marshe, na yi tallar ruwa, na yi gadin kantin wani Bamaraɗe, har wani ɗan garinmu ya ce mini ana ɗaukar lebura a shantiye, wato wurin gini, da ke bayan unguwar Filato. Kafin lokacin, wurin fili ne na rairayi da ƙaya. Garin yana da tsohon filin wasansa, ƙarami, amma gwamnatin soja ta ce ƙasa tana buƙatar babba wanda baƙi za su gani su girmama mu, aka kawo Shinuwa, mutanen ƙasar Sin, su gina. A zamanin nan ba a tambayar dalili. Mutum kan waiga bayansa kafin ma ya ce rana ta yi zafi.

Da burweti, wato baro, na fara, ina tura siminti. A gabana abin ya tashi daga rami ya zama ƙaton akushi na kankare, matakala bisa matakala zagaye da fili. Gefe guda aka yi wa rumfa don manya, sauran aka bar wa talakawa da rana, tun da sun saba. Aka kafa dogayen turakun fitilu a kusurwoyi, waɗanda in ka ɗaga kai ka dube su hularka sai ta faɗi. Aka zagaye tsakiya da hanyar 'yan gudu. Da azahar, in an ba mu hutu, sauran lebura sukan taru a inuwa suna Zabarmanci da dariya, ni kuwa in hau can matakalar ƙarshe da ƙullin garin rogona. Daga nan ana hango rufin ofisoshin Filato, da layin kogi can nesa. Gabas nake juyawa. Ba abin da ake gani sai hayaƙin gari, amma can nake juyawa. Kaɗaici ya ci ni a wurin nan, ba na ɓoye muku. Kowane wata nakan kai wa Mamman direba buhun masara ko na jar dawa ya sauke a ƙofar gidanmu, kuma wannan buhu ne ya riƙe ran uwarku da yayarku da kakanninku.

Kowace damina ina komawa shuka, in sara da sungumi, in yi noman fari, in dawo. Kowace damina kuma abin da muke samu ba ya kai mu tsakiyar rani. Haka muka yi ta yi har shekarar da nake son ba ku labari. Janar ɗin da ke mulkin ƙasa lokacin da aka fara ginin ya riga ya rasu bai ga ƙarshensa ba, wani sojan ya hau, aka ce lallai a gama. Gini ya ƙare, saura tsakiyar fili. Aka tara mu aka tambaya su wane ne manoma. Na ɗaga hannu da sauri, har da murna. Aka ware mu aka ba wani tsohon Bashine, wanda muke kira Mai Malfa saboda faffaɗar hular da ba ya rabuwa da ita. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci, da hannu yake magana. Muka baje baƙar ƙasa da taki, muka daidaita ta kamar faifai. Ina ta tunanin me za a shuka a wannan ƙasa mai kyau haka. Ranar da kamiyo, babbar motar kaya, ya juye mana irin, na duƙa na ɗauka na duba, sai na ji kamar an mare ni. Kirikiri ne.

Ku da aka haifa a birni ba ku san kirikiri ba sai a matsayin shimfiɗar 'yan ƙwallo. A fadama ita ce babbar abokiyar gaba. Tana rarrafe a ƙasa tana kafa saiwa a kowace gaɓa, ta shaƙe albasa, in ka bar guntunta kamar ɗan yatsa, bayan kwana kaɗan ta dawo da danginta. Tun ina yaro Baba ke murɗe mini kunne in na tsinke ta ban fitar da saiwar ba. Ga ni yau da girmana, a tsugune, ina dasa ta layi-layi, ina danna mata ƙasa a hankali kamar jaririya. Sannan in jawo tiyo in ba ta ruwa safe da yamma, ruwa mai sanyi, fari tas, wanda da za a kai rabinsa fadamarmu da ba wanda ya bar gida. Kwanakin farko ko abinci ban iya ci sosai ba. Mai Malfa ya lura. Wata rana ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya nuna mini tafin hannunsa, duk kanta irin ta mai riƙon fartanya, ya nuna ciyawar, ya girgiza kai ya yi dariya. Na gane shi ma manomi ne a garinsu, kuma shi ma ya san abin da muke dasawa. Daga ranar muka riƙa cin abinci wuri ɗaya, ba mai ce wa wani uffan.

Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, ya yi mana gargaɗi tun farko: wanda ya tafi shuka bana kada ya dawo, don ciyawar ba ta jure kwana biyu ba ruwa kafin ta kama, kuma akwai mutum ɗari a bakin ƙofa masu jiran gurbinsa. Na auna. Damina ta yaudare mu sau da yawa, buhun wata kuwa bai taɓa yaudararmu ba. Na aika wa Baba ta bakin Mamman cewa bana ba zan samu zuwa ba, an sa ni aikin dashe da ban ruwa. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma gaskiya ne. Amma Mamman direba ne, bakinsa ya fi motarsa gudu. Ya je ya ce wa Baba ɗansa ya zama babban manomin gwamnati, an ba shi gona mai katanga, ruwa na zuba dare da rana. Baba ya ce gani ya kori ji. Ya ce zai zo ya ga gonar, sannan ya taho da ni gida kafin ruwa ya sauka.

Ban san yana tafe ba. Da hantsi ne, ina can bayan matakala wurin famfo ina ɗaure tiyon da ya fashe. Mamman ya sauke shi a bakin ƙofa ya wuce kasuwa. Mai gadin ƙofar ɗan Adar ne, ya ji harshen gida, ya shigo da shi, ya nuna masa gefen da nake kula da shi ya ce ga gonar ɗanka nan, jira shi. Abin da ya biyo baya daga baya aka ba ni labari. Baba ya tsaya ya dubi baƙar ƙasa mai laima, ya dubi layukan kirikiri, ya ɗauka shuka tana ƙarƙashi ba ta fito ba tukuna, ciyawa ta riga ta. Manomi ba ya tsayawa ya zuba wa ciyawa ido a gonar ɗansa. Ya tuɓe takalmansa, ya naɗe riga, ya duƙa.

Ihun soja ne ya fito da ni. Akwai wani kafaran, wato kofur, da ke tsaron wurin da mutanensa, don an ce kayan gwamnati ne. Da na zagayo sai na hango shi riƙe da wuyan rigar wani tsoho, ma'aikata sun fara taruwa. A gabansu an share wuri mai faɗin ɗaki biyu, tas, ƙasa baƙa wuluk, ga ciyawa an tara a gefe tsibi-tsibi, an kakkaɓe ƙasar saiwar yadda aka koya mini. Tun kafin in ga fuskarsa na san aikin hannun wane ne.

Kafaran yana cewa, “Kai tsoho, wa ya ba ka oda? Ka san abin da ka ɓata? Yau sai ka kwana a kaso!”

Baba bai ko dube shi ba. Ni ya hango, fuskarsa ta washe.

“Haruna! Zo ka hwaɗa ma yaron ga ni ubanka ne. Wane irin sakaci ne wanga? Ƙasa mai kyau hakanga ka bari kirikiri ta cinye ta? Mi kuka shibka ciki?”

Na durƙusa na gaishe shi. Mutane sun zuba mana ido. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ce, “Baba, ita ce shibkar.”

“Wace?”

“Kirikirin. Ita muka dasa. Bisanta za a buga balo.”

Wani daga cikin lebura ya tuntsire da dariya, wasu suka bi shi. Baba ya dubi tsibin ciyawar, ya dubi tiyon da ke hannuna yana ɗiga, ya ɗaga kai ya bi matakalar nan da kallo har sama.

“Ruwan ga duka, ita kaka ba?”

“Ita nika ba, Baba.”

Kafaran ya ce tun da tsoho ne ba zai kai shi ko'ina ba, amma sai ya mayar da abin da ya tumɓuke, ɗaya bayan ɗaya, yanzu, a gabansa. Baba ya gyara wuyan rigarsa. Ba da faɗa ya yi maganar ba, a hankali ya yi ta.

“Yaro, kai ni inda za ka kai ni. Na shekara saba'in ina hidda ta daga ƙasa. Ba ni zuwa lahira a ce Ɗan Jimma ya dasa kirikiri da hannunai.”

Na ga idon kafaran ya kaɗa, na ga hannunsa ya tafi ga ɗamararsa. A zamanin nan tsoho ba ya hana a doke shi. Ban tsaya tunani ba, na faɗi a gwiwa na jawo tsibin farko na ce ni zan mayar, aikina ne, laifina ne da ban tsaya a wurin ba. Daidai nan Mai Malfa ya iso. Ya ɗauki ciyawar ya juya ta, ya ga kowace saiwa ta fito cikakkiya ba wadda ta tsinke, ya ɗaga wa kafaran hannu alamar ba komai, za ta kama. Ya tsuguna kusa da ni ya fara dasawa. Kafaran ya yi tsaki ya koma inuwa.

Baba bai tafi ba. Da ya tafi da ya fi mini sauƙi. Ya je ya zauna a matakalar farko, cikin rana, takalmansa a hannu, shi kaɗai a wurin da aka gina don dubban mutane. Yana kallona ina haƙa rami da yatsa, ina sa kirikiri, ina danna mata ƙasa. Har na gama ban ɗaga kai ba, amma ina jin idonsa a ƙeyata. Da na gama kuma dole in ba ta ruwa, don in ba haka ba ta mutu. Na jawo tiyo na ba ta a gabansa.

Kwana ɗaya ya yi a ɗakina na Taladje. Tsohuwar gidan ta kawo masa fura, ya yi godiya, ya sha kaɗan. Bai zage ni ba, bai ɗaga maganar ba. Ni ne na yi ta bayani ba a tambaye ni ba. Na ce buhun da ke zuwa kowane wata daga ciyawar nan yake fitowa. Na ce in na bar aikin kuma damina ta sake ƙi, me Salamu za ta ci? Ya ce gaskiya ne. Duk abin da na faɗa sai ya ce gaskiya ne. Washegari na raka shi inda Mamman ke lodi. Sai da ya sa ƙafa a taya zai hau ya juyo.

“Hadari ya hwara haɗuwa gabas. Ka taho mu tahi.”

“Baba, sai ta kama. In ta kama ina zuwa.”

“Hatsi ba ya jiran ciyawa, Haruna.”

Ya hau. Na tsaya har motar ta sha kwana.

Ku dubi ikon Allah, a shekarar nan aka yi ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. A Yamai har gidajen ƙasa suka riƙa faɗuwa. Ina tsaye a tsakiyar fili, tiyo a naɗe ba amfani, ruwa na dukana, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, hannuna na ƙaiƙayin sungumi. Mamman ya kawo labari cewa Sule, ɗan ƙanen Baba, shi ya sara gandu ranar shuka, uwarku na biye da shi tana jefa iri. Ban ga laifin kowa ba. Gona ba ta zama ba mai sara. Kirikiri kuwa ta kama, ta rufe fili kore shar, har manya suka riƙa zuwa da motoci suna kallo. Mai Malfa ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu. Ranar tafiyarsa ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi doguwar magana da harshensu, ni ma na yi masa tawa da Hausa. Daga nan na koma cin garina ni kaɗai.

Har yau in kun tambaye ni ko na yi kuskure, ba zan ce e ba. Wanda bai ga yaro na kuka ba hawaye saboda yunwa ba, kada ya koya mini lissafin damina. Da ruwan bai zo ba, da ni ne mai hankalin gidan. Amma ya zo. Aikin nan kuma shi ya ciyar da ku, shi ya kai ku lakkwal kuka yi boko, har kuka iya Faransancin da kuke yi mini gardama da shi. Sai dai kowane abu da kuɗinsa, kuma ba a gaya maka farashin sai ka riga ka ɗauka.

Bayan girbi na samu izini na tafi gida. Tun daga nesa na hango rumbunanmu an yi musu sabon jinka, damman hatsi jibge a bakinsu har ba wurin zubawa. Na yi farin ciki, wallahi na yi. Na yi sallama na nufi cikin gida kai tsaye yadda na saba, sai Baba ya fito ya tare ni a zaure da fara'a. Ya riƙe hannuna, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Yamai. Ya sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, wadda ake ajiye wa malamai da surukai. Ya leƙa cikin gida ya ce a kama zabo a yanka. A gidanmu ba a taɓa yanka wa ɗan gida zabo ba.

Da aka kawo tuwo, nawa daban aka zubo, a kwano mai murfi. Baba da Sule suka zauna can gefe suka sa hannu a akushi ɗaya, akushin da na ci a ciki tun ina yaye. Suna ci suna shawarar rijiyar da za a yashe a fadama kafin dashen albasa, da wanda za a nema ya taya su. Ba wanda ya tambaye ni ra'ayina. Ba don ƙeta ba, kawai ba a damun baƙo da zancen gona.

Da aka ɗauke kwanuka, Baba ya wanke hannu, ya juyo gare ni da murmushi, cikin ladabin da bai taɓa yi mini ba.

“To, Malam Haruna, kwana nawa za ka yi muna?”

Na ce, “Ukku, Baba.”

Ya ce, “Madalla. Mun gode.”